Kayan Adon Kakin Zuma a Ɗakin Wata Amarya a Daura: Yadda Suka Lalace da Yadda Aka Gyara Su

Kayan guda 36 ne, duka na kakin zuma, aikin hannu. Gwaggon amarya ce ta bayar da aikinsu wajen wata mai yin kyandir da man shafawa a birnin Katsina, a matsayin gudummawarta ta jere, aka kai su Daura da kaka, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Guda 24 masu faɗi ne na ratayewa, girman tafin hannu, kaurinsu bai wuce milimita 7 ba, an zuba su a mazubi da siffar dagi, tauraro da jinjirin wata. Guda 8 furanni ne masu siraran ganye da aka ɗora a kan waya. Sauran 4 ƙananan ƙoƙuna ne masu kauri, an yi musu zane irin na ƙwarya da bakin wuƙa.

Ɗakin ginin bulo ne, rufin kwano da silin, tagarsa tana kallon yamma. Masu jere sun rataye 10 daga cikin masu faɗin a bango, kusa da tagar. Furannin da ƙoƙunan aka jera su a shogilas mai ƙwan lantarki na da a ciki, irin mai zafin nan. Ragowar 14 aka naɗe su da jarida, aka ɗora wani kan wani cikin kwali, aka cilla saman wadirob don wata rana. Ƙarshen watan Mayu bai yi ba sai da ya zama babu guda ɗaya da ke nan yadda aka kawo shi.

Mutanen gidan sun ɗauka kayan jabu ne, domin an ce musu kaki ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, su kuwa sun san zafin Daura bai taɓa kaiwa nan ba. Maganar narkewar gaskiya ce: kakin zuma tsantsa yana narkewa tsakanin digiri 62 da 64 a ma'aunin salshiyas. Sai dai tun kafin nan ya riga ya saki jiki. Daga digiri 32 zuwa 35 yake fara laushi har a iya lanƙwasa shi da yatsa, kuma a wannan zafin ƙudan zuma da kansu suke sarrafa shi su gina saƙa a cikin amya. In ya kai 40, siririn abu ba ya iya ɗaukar nauyin kansa. A hankali zai riƙa sunkuyawa, yau kaɗan gobe kaɗan. A Katsina da Daura zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai 40 a inuwa, wani lokaci ya wuce. Ƙarƙashin kwano kuma, dab da silin, ya fi haka. Wanda ya gane wannan ya gane mafi yawan abin da ya faru a ɗakin nan.

Barnar hunturu

Amma ba bazara ce ta fara ba. A watan Disamba wani fari-fari ya fito a jikin kayan, kamar an barbaɗa musu gari. Amarya ta zaci fumfuna ce. Ta sauke na bango ta wanke su da ruwan ɗumi da omo da soso. Da suka bushe ta ga sun dusashe, sai ta shafa musu basilin su yi sheƙi. Biyu daga cikin ƙoƙunan kuwa wata maƙwabciya ta ba da shawarar a goge su da tsumma da ɗan kananzir.

Wannan farin ba cuta ba ce. Kaki haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu sun fi wasu saurin narkewa. Idan sanyi ya shigo, masu sauƙin nan sukan taso saman fata su daskare. A kaki mai kyau ya fi fitowa, har masu saye kan ɗauke shi alamar cewa ba a yi algus da yawa ba. Yana ɓacewa a wajen digiri 39, don haka ko goga shi da ɗumin babban yatsa ya isa a gane shi. Abubuwa uku ne ke iya sa kaki ya yi fari a ƙasar nan, kuma rarrabe su ba wuya. Ƙura tana tashi in an sa burushi. Farin da kakin ke fitarwa da kansa ba ya bin burushi, amma yana bajewa in an murza bayan abin da yatsa. Fumfuna kuwa da damina take zuwa, tana da wari, kuma a zare ko takarda take farawa, domin kaki tsantsa ba abincinta ba ne. A Disamba, a ɗakin da leɓe ma ke tsagewa don bushewa, fumfuna ba ta da wurin zama.

Kowane ɗaya daga cikin magungunan da aka yi ya bar tabonsa. Ƙurar hunturu, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi. Ruwan ɗumi ya tausasa fatar kakin, soso ya danna yashin ciki ya kuma karce ta. Omo yana da kaifi irin na kanwa, yana cin fatar kaki ya bar ta ba haske. Basilin ya fi su duka illa a wannan yanayi, domin ba ya bushewa: duk ƙurar da ta sauka daga Janairu zuwa Maris a nan ta manne, ga hayaƙin turaren wuta da ake sawa safe da yamma a kasko ƙarƙashin bangon. Kananzir kuma narkar da kaki yake yi kai tsaye, shi da fetur da tina, wato ruwan tsinka fenti. Zanen ƙoƙunan biyu a jikin tsumma ya tafi. Ya kamata a sani cewa maganin sauro na feshi ma yawanci da ɗan'uwan kananzir ake haɗa shi, humra da turaren feshi kuma suna da mai ko sinadarin da ke ɓata fatar kaki. Ƙananan ɗigo-ɗigon da aka gani a kayan bango daga nan suke.

Guda biyu sun faɗi ƙasa lokacin wankin, da sassafe. Ɗaya ya rabe biyu, ɗaya ya tarwatse. Daren hunturu a nan yakan sauka ƙasa da digiri 15, a irin wannan sanyi kuwa kaki yana yin gautsi. Abin da zai faɗi a Afrilu ya ɗan loɓa kawai, a Janairu fashewa yake yi.

Barnar bazara

Na bango rana ta riƙa dukansu daga la'asar zuwa faɗuwarta. Gefen da ke kallon taga ya koɗe, daga ruwan zuma ya koma fari-fari, domin hasken rana yana cinye launin kaki. Da gangan ma masu son farin kaki suke shanya shi siriri a rana. Wannan koɗewar ba ta da gyara. Madaukan zaren da aka dasa musu ba su shiga ciki sosai ba, ba a kuma yi musu ƙulli ba, sai nauyin kakin ya riƙa zare su. Shida sun subuce.

Shogilas ya fi kowane wuri ba da tausayi. Ƙwan lantarki na da, mafi yawan wutar da yake ci, kusan kashi 90 cikin 100, zafi take komawa ba haske ba, ga gilashi a rufe. Duk lokacin da aka kawo wuta sai akwatin ya ɗauki zafi, in an ɗauke ya huce. Furannin 8 duka sun sunkuya. Uku sun tsage a tsawon wayar, tsatsa ta ɓullo ta tsagar, saboda wayar ƙarfe ce ta ɗaurin gini, kuma ƙarfe da kaki ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna.

Kwalin saman wadirob ya haɗa zafi da nauyi. Na ƙasa sun ɗauki shatin na sama, tawadar jarida ta hau fuskarsu har ana iya karanta rubutun a juye, huɗu sun manne sun zama curi guda. Ɓera ya ɓula kwalin ya gutsiri gefen guda biyu. An kuma tarar da kiyashi, abin da ya nuna ba a wanke kakin ya rabu da sauran zuma sarai ba kafin a zuba.

A cikin huɗun da suka cure akwai abin lura. Sun fi sauran maiƙo a hannu. Da aka karya gefen ɗaya, karayar ta fito sumul tana ƙyalli, alhali karayar kaki tsantsa tsaki-tsaki take fitowa ba sheƙi. Da aka tuntuɓi mai aikin ta ce kaki ne ya yanke mata a zubin ƙarshe, ta ƙara ɗan man kwakwa da guntayen farin kyandir. Wannan haɗin ya dace da man shafawa, amma abin ado da za a ajiye a Daura ba ya son ko cokali ɗaya na mai.

Yadda aka yi gyaran

Ba a taɓa komai da rana ba. Duk aikin tsakanin asuba da hantsi aka yi shi, domin sharar kaki mai laushi tura datti ciki ne kawai. Aka fara da rarraba kayan: waɗanda wanki kaɗai suke so, waɗanda suka karkace, waɗanda suka karye, da waɗanda ba su ceto. Na ƙarshen guda 8 ne: curin nan huɗu, furanni uku masu tsatsa, da wanda ya tarwatse. Tarwatsattsen da ganyayen furannin aka ware su zama kakin ciko, tunda launinsu ɗaya da sauran. Curin mai algus ba a haɗa shi da su ba, aka narka shi daban aka yi kyandir.

Wanki mataki biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. Da farko burushin hoda sabo, mai laushi, a riƙa share ƙura daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Sannan ruwan randa, lita 1 da ɗigo 3 na sabulun ruwa na wanke-wanke. Ana tsoma audugar goge kunne a matse ta, a mirgina ta a kan kakin. Mirginawa ake yi, ba gogewa ba, kuma da ta yi baƙi a jefar a ɗauki wata. A bi da ruwa zalla, a ɗauke danshin da tsohon farin ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da gashi. Masu basilin sai da aka fara tsotse man da ƙyalle busasshe, aka maimaita wankin sau uku, kwana guda tsakani. Ruwan sama ko na leda ya fi dacewa; ruwan rijiya mai zartsi yakan bar tabo. Tawadar jarida ba ta fita da ruwa. An kankare ta da bayan reza, siriri ƙwarai, a wuraren da babu zane, inda ke da zane kuma aka haƙura aka bar ta.

Miƙar da waɗanda suka karkace shi ne aikin da ke buƙatar ma'aunin zafi, kuma wanda ba shi da shi gara ya bari. Ana haɗa ruwa a roba mai faɗi ya tsaya tsakanin digiri 40 da 45. A nutsar da abu ɗaya, a riƙe shi ƙasa da yatsa domin kaki yana tasowa saman ruwa, minti 5 zuwa 8, har ya amsa lanƙwasa kaɗan. A fitar, a kwantar da bayansa a kan gilashi ko tayil da aka shimfiɗa wa takardar gashin kek. A rufe fuskar da ƙyalle mai laushi ninki huɗu don kada zanen ya baje, a ɗora katako mai faɗi, a ɗora nauyin da bai wuce rabin kilo ba. Awa biyu a nan, ya huce da kansa. Masu gaggawa kan jefa shi cikin ruwan ƙanƙara, sai fata ta tsuke ciki bai tsuke ba, ya tsage. In bai miƙe duka a karon farko ba, a sake washegari. Danne shi da ƙarfi karya shi ne. Ganyayen furanni biyar da suka rage da yatsa aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya cikin ruwan, aka tallafe su da takarda nannaɗaɗɗiya har suka daskare.

Karaya ba a liƙa ta da gam. Sufa gulu ba ya kama kaki da kyau, kuma yana barin farin tabo mai tauri. Kaki da kaki ake haɗawa. Ana tsoma bakin siririyar wuƙa cikin tafasasshen ruwa, a goge ta, a ratsa ta tsakanin gefunan biyu daƙiƙa 2 ko 3, a zare, a haɗa su nan take a riƙe minti guda. Ba a gasa wuƙar a kan kyandir ko risho, domin baƙin hayaƙi zai shiga ɗinkin ya zauna har abada. Daga nan a juya bayan abin, a ɗiga narkakken kakin ciko a tsawon tsagar da tsinke, in ya daskare a daidaita. Haka aka cike gutsuren ɓera. Madaukai kuma aka sake su duka goma sha tara da suka rage: zaren auduga mai kauri, ƙulli biyu a ƙarshensa, a huda rami daga baya da allura mai zafi, a cusa ƙullin, a rufe da kaki.

Narka kakin cikon yana da nasa ƙa'idojin. Ba a ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Kwano ake sawa cikin tukunyar ruwan zafi. Kwanon ya zama na silba ko samira wadda ba ta ɓantare ba, domin baƙin ƙarfe da tagulla da gwangwani mai tsatsa suna rina kaki. Zafin ya tsaya tsakanin 70 da 75. In ya haura 85 launinsa yana duhu, ƙamshin zuman ya gudu. A tace da ƙyalle. Kaki yana kama wuta in zafi ya kai wajen digiri 204, abin da ba ya faruwa cikin ruwa amma yana faruwa a kan garwashi in an manta da shi. Idan ya kama, murfi ake kifawa. Ruwa watsa wutar yake yi.

Aikin ƙarshe shi ne dawo da haske. Na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafinta, daga nisan santimita 30, ana yawo da ita daƙiƙa 3 zuwa 5, da zarar fatar ta fara sheƙi a janye. Inda babu wuta, gogawa a hankali da ƙyallen siliki ta wadatar, sai dai ta fi cin lokaci. Ba a shafa mai kowane iri.

Ajiya

Gyara ba shi da amfani in kayan za su koma inda suka fito. Kaki abu ne mai tsawon rai ƙwarai: hotunan fuskoki da aka zana da kaki a yankin Fayum na Masar sun kusa shekara 2000, siffofin jikin ɗan Adam na kaki kuma suna nan a gidan tarihin La Specola na birnin Fulorans a Italiya, wanda aka buɗe a 1775. Gidajen tarihi suna riƙe irin waɗannan kaya a wajen digiri 20 duk shekara. Gidan amarya a Daura ba zai iya haka ba, kuma firji ba mafita ba ce, domin wutar da ke zuwa tana ɗaukewa sanyi da zafi za ta riƙa jera wa kayan, ga raɓa duk lokacin da aka buɗe. Abin da za a iya shi ne a bi kalandar gari.

Daga farkon Maris har ruwa ya zauna a Yuni, kayan ba sa waje. Kowanne ana naɗe shi da farar takarda marar rubutu ko takardar gashin kek. Ba jarida, ba auduga sakakka domin gashinta yana shiga kaki, ba leda mai laushi mai santsi irin ta rufin tebur domin sinadarin da ke tausasa ta yana tausasa kaki. Masu faɗi a kwance, layi ɗaya, in dole a ɗora wani layin a raba da kwali mai tauri da aka tokare a gefe don nauyin kada ya sauka a kansu. Mazubin ya zama roba mai tauri mai murfi da ke kamawa, wadda ɓera da kyankyaso ba sa shiga, gara kuma ba ta ci. Ba a sa kafur, domin kaki yana shan wari. Wurin ajiya ƙasa-ƙasa, nesa da bangon yamma. A gidan nan an samu tsohon ɗakin soro na uwar miji, wanda kaurin bangonsa ke hana zafin rana shiga, aka kai robar can kusa da randa.

Furannin sun fi kowa rauni, su aka yi wa tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta sa ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama, a ƙara ruwa safe da yamma. A busasshen zafin Maris da Afrilu take aiki sosai. In iska ta fara ɗaukar danshi gab da damina ƙarfinta yana raguwa. Danshi ba ya cutar da kaki, amma yana cutar da waya da zare da takarda, shi ya sa furannin ke cikin robarsu a rufe kafin su shiga tukunyar.

Saboda kiyashin da aka gani, an ji tsoron asun saƙa, wanda tsutsarsa ke bin kakin da ke da sauran datti da abincin ƙudan zuma. An rufe kayan cikin roba aka sa a firizar wani shago mai sola awa 48, abin da ke kashe ƙwai da tsutsa. Da aka fitar ba a buɗe ba sai bayan awa 12, don raɓa ta sauka a kan robar ba kan kayan ba, kuma ba a motsa su da ƙarfi ba, tunda a lokacin sun fi kowane lokaci gautsi.

Daga Yuli zuwa Fabrairu suna shogilas, an cire ƙwan an sa na LED, an matsar da shi bangon da rana ba ta kaiwa, kaskon turare kuma ya koma ɗaya ɓangaren ɗakin. Sharar burushi sau ɗaya a mako da hunturu. Ko da za a kai wani Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80, da asuba za a yi, a cikin kula marar ƙanƙara a ƙasan kujera. Gaban mota da ke tsaye a rana yana iya haura digiri 60.

A ƙarshe guda 26 sun koma kusan yadda suke, in ban da koɗewar gefe da ɗan sauran tawada. Ƙoƙuna biyun da kananzir ya ci an bar su ba zane, domin sabon zane a kan fatar da ta riga ta zaizaye ba zai yi kama da na 'yan'uwansu ba.

Mai aikin ma akwai abin da ya rataya a kanta. Kaurin milimita 7 ya yi kaɗan ga abin ratayewa a wannan ƙasa, 10 zuwa 12 ya fi. Waya ta zama wadda ba ta tsatsa, a kuma tsoma ta cikin kaki kafin a gina fure a kanta. Kaki a wanke shi cikin ruwan zafi sau biyu kafin zubi. Ta yi tambaya kan ƙara kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino ta Burazil, mai narkewa a sama da digiri 80. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 yana ƙara tauri da jure zafi, amma yana ƙara gautsi da tsagewa wajen hucewa. Ga ƙoƙuna da sauran kaya masu kauri da ke zaune wuri ɗaya, yana da amfani. Ga masu siraran ganye da za a riƙa taɓawa da sanyin Janairu, shawarar da aka ba ta ita ce ta bar kakin tsantsa ta ƙara kauri.